Jan Naman Da Ke Cikin Rauni Ba Ruɓa Ba Ce

A kantin maganin da nake aiki a garin Lafiya, raunuka uku na fi gani: ƙunar salansar babur a ƙwauri, saran fartanya a gonar doya, da yankan wuƙa wurin girki. Masu su kan zo bayan kwana huɗu ko biyar, kuma roƙonsu ɗaya ne: "Anti, ba ni abin da zai busar da shi." Abin da ke tsorata su shi ne jan naman da ya cika ramin, wanda da an taɓa shi sai jini.

Ni kuwa idan na ga wannan ja, hankalina kwanciya yake yi. Da zarar fata ta yanke, ƙananan jijiyoyin jini kan tsuke na 'yan mintoci don jini ya daskare. Daga nan su buɗe su shigo da ƙwayoyin da ke yaƙar cuta, shi ya sa wurin ke ɗumi da kumburi. Wajen kwana na 3, ƙarancin iskar oksijin a tsakiyar raunin kan sa tsofaffin jijiyoyin su fara tsiro da sababbi, sirara fiye da gashin kai. Su ne jan naman nan, kuma su ke kai abincin da sabuwar fata za ta ginu da shi. Idan aiki ya ƙare, yawancinsu kan janye, shi ya sa jan tabo ke dusashewa bayan watanni.

Waɗannan jijiyoyi ba su da ƙwari. Sifirit, da ruwan haidirojin mai kumfa, da toka, da man birki duk ƙona su suke yi. Garin kafso ma ba wurinsa ba ne. Tun 1962 George Winter ya nuna a Ingila cewa raunin da aka rufe da 'yar danshinsa ya fi wanda aka bari ya bushe saurin haɗewa. Don haka ki wanke wa ɗanki da ruwa mai tsabta, ki rufe da bandeji, in ya manne ki jiƙa shi kafin ki cire. Saran fartanya kuma sai an haɗa da allurar tetanus.

Masu ciwon suga da masu sikila ne suka fi damuna, domin jini ba ya gudana sosai a ƙananan jijiyoyinsu, sai ƙaramin ciwo a ƙafa ya zama gyambo. Taba ma tsuke jijiyoyin take yi. Duk wanda raunin sa ya fara wari, ko mugunya, ko baƙi, ko ya kawo zazzaɓi, ko ya yi mako 2 bai ragu ba, ba na sayar masa da komai. Asibiti nake tura shi a ranar, domin irin wannan jinkirin ne ke kai mutum ga rasa ƙafa.