Malamin da Ya Rasa Almajirai a Tamanrasat

Daga Agadas zuwa Arlit, Assamaka da In Gezzam babu abin ba da labari sai rairayi da ƙishirwa. Masaukin da direba ya kai ni a Tamanrasat kuwa ba a cewa komai: yagaggiyar tabarma, sanyi mai shiga ƙashi, ga burodi safe da dare. Wanda ya tashi da tuwon dawa da miyar kuka a ce wannan ne cimarsa!

A Kasuwar Assihar na samu sa'ida. Ga dabino, ga taliya, ga rawuna da turare, kuma rumfa bayan rumfa da Hausa ake ciniki. Wani dattijon Buzu mai dabino ya shimfiɗa mini buzu, ya ce, "Malam, baƙo ba ya wuce shayi." Na ce, "Baba, ai ni ma ban yi niyyar wucewa ba." Kafin kofi na uku ya ba ni labarin Charles de Foucauld, da la'asar kuma ya sa jikansa ya raka ni ganuwar ƙasar da mutumin ya gina.

Bafaranshe ne, tsohon soja da ya zama limamin Katolika. Ya sauka nan a 1905, garin na 'yan bukkoki, a zamanin Musa ag Amastan, sarkin Buzayen Ahaggar. Ya yi shekaru yana haɗa ƙamus na harshensu da Faransanci, yana tara waƙoƙinsu. A ƙofar ganuwar nan aka harbe shi ranar 1 ga Disamba 1916. Buzaye sun ci da shi, sun sha da shi, amma sun riƙe Musuluncinsu. Ɗarikar da ya yi burin kafawa sai a 1933 wasu suka kafa ta, Paparoma kuma ya ayyana shi waliyyi a 2022.

Abin ya ɗaure mini kai. Shehu Usmanu da jama'arsa ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Ko a Amurka, bayan kashe Joseph Smith a 1844, dubban mabiya ɗarikarsa ta Momon ne suka bi Brigham Young zuwa Yuta. A wurinmu malami sai da almajirai. Na yaba wa haƙurin Foucauld, sai dai kusancinsa da sojojin mulkin mallaka bai kwanta mini ba.

Aka ce in hau dutsen Assekrem in ga ɗakin ibadarsa. Na tuna sanyin daren jiya, na nemi motar dabino mai komawa Agadas.