Abin da Ɗan Zariya Ya Koya Mana Game da Benci

Mu uku ne muka yanke shawarar barin ƙungiyar ƙwallon unguwarmu a Tudun Wada. Wasa huɗu a jere koci bai sa mu ba, alhali kullum bayan la'asar mu ne farkon zuwa atisaye. Ranar da aka kara da yaran Gyallesu, muna benci har alƙalin wasa ya busa tashi. A hanyar gida muka ce gobe za mu mayar musu da rigunansu, mu koma wata ƙungiya a Sabon Gari.

Da daddare muka faɗa wa yayan ɗayanmu, wanda ke kula da wani gidan kallo. Bai ce mu tafi ba, bai ce mu zauna ba. Sai ya ce, "Ku da kuka haddace 'yan wasan Turai, kun san haifaffen Zariyar da ya zura wa Barcelona ƙwallo a gidanta?"

Muka ce, "Haba Yaya, ban da zolaya."

Ashe Shola Ameobi yake nufi. A Zariya aka haife shi a 1981, iyayensa suka tafi da shi Ingila yana ɗan shekara 5. Ya fara buga wa babbar ƙungiyar Newcastle United a 2000, a wasa da Chelsea, kuma daga benci ya shigo. Ɗan wasan gaba ne, amma a gabansa akwai Alan Shearer, wanda ya ci wa ƙungiyar ƙwallo 206. Wa zai ajiye Shearer ya sa yaro? Dole ya jira. A Disamba 2002, a gasar Zakarun Turai, aka ba shi dama a filin Camp Nou. An ci Newcastle 3 da 1, kuma wannan ɗayar shi ya ci ta.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne 2009, shekarar da Newcastle ta faɗo daga gasar Firimiya. Michael Owen ya koma Manchester United, Obafemi Martins ya tafi Wolfsburg ta Jamus. Ameobi ya zauna. A watan Agusta ya ci Reading ƙwallo 3 shi kaɗai, a 2010 kuma ƙungiyar ta dawo Firimiya. Sai a 2014 ya bar ta, bayan wasa 397 da ƙwallo 79. A shekarar ce ya je Gasar Kofin Duniya a Brazil da Super Eagles.

Ɗayanmu ya ce, "Ƙwallo 79 a shekara 14 ai ba yawa." Yaya ya ce gaskiya ne, ba Ronaldo ba ne. Daga baya ma ya zagaya Turkiyya da ƙananan ƙungiyoyin Ingila. Amma da ya rataye takalmi, Newcastle ta kira shi a 2019 ta ba shi aikin kula da 'yan wasanta da ke zaman aro. Wanda ya san ɗacin jira shi aka damƙa wa masu jira.

Washegari ba mu mayar da rigunan ba. Muka je wurin koci muka tambaye shi abin da muka rasa, tambayar da ya kamata mu yi tun farko. Bai ɓoye mana ba: ɗaya ba ya komawa tsaron baya, ɗaya ƙafar hagunsa ta ado ce, ɗaya kuma numfashinsa ba ya kai rabin lokaci. Da mun tafi Sabon Gari, da waɗannan matsalolin za mu tafi.

Har yanzu ba mu shiga sha ɗayan farko ba. Asabar da ta wuce an sa ɗayanmu minti 10 na ƙarshe, bai ci ba, amma sau biyu ya koma baya ya ƙwace ƙwallo. Mu biyun da muka rage muna benci da takalmanmu a ɗaure.