Jan Ruwa da Zuciyar Yaya Hajara

Yau labarin gidanmu zan ba ku, don ya daɗe yana ci na a rai.

A 2021 aka gano sankarar mama a jikin yayata Hajara, wadda ke aure a Doguwa. Aka yi mata tiyata a Kano aka cire ƙarin, sannan aka shiga yi mata ƙarin ruwan maganin daji. Duk bayan mako uku mu fito da asuba, mu ratsa dajin Falgore, mu wuce Tudun Wada, mu hau titin Zariya a Kwanar Dangora. A cikin magungunan akwai wani ja wur kamar zoɓo, sunansa doxorubicin, mu dai jan ruwa muke ce masa. Gashinta ya zube, ta rame, amma a 2022 likita ya ce ba a ga sauran cutar ba. Har rago muka yanka.

Bayan shekara biyu sai ga wani sabon abu. Matar da ke surfa masara kwano biyar ba ta zauna ba, ta koma ba ta iya zuwa bakin rijiya sai da haki. Ƙafafu suka kumbura, barci sai a jingine. Da aka yi hoton zuciya sai likitan ya ce naman zuciyar ya yi rauni, ba ya harba jini yadda ya kamata, kuma jan ruwan nan yakan bar wa wasu irin wannan tabo ko da an yi shekaru. Ya ɗora ta a kan magani, ya ce in abin ya ƙi, ƙarshensa dashen zuciya ne, kuma sai a waje, kamar Indiya.

Ni kuwa da na ji haka sai na ɗauka kuɗi ne kaɗai matsala. Na san asibitin Malam Aminu Kano na dashen ƙoda tun 2002, kuma tun 1967 Christiaan Barnard ya dasa wa mutum zuciya a Afirka ta Kudu, to me zai gagara? Muna da fadamar gado a ƙasar Bebeji, kusa da madatsar Tiga. Kafin mako ya zagayo har na nemo dillali.

Da muka koma na faɗa wa likita, sai ya ajiye bironsa. Ya ce duk wanda aka dasa wa zuciyar wani, jikinsa zai ɗauke ta baƙuwa ya yi ta yaƙar ta, don haka dole ya sha maganin danne garkuwar jiki, irin su tacrolimus, har ƙarshen rayuwarsa. To ita garkuwar nan ita ce mai gadin da ke kama ƙwayoyin daji tun suna ƙanana. Ya ce mutanen da aka yi wa dashe, haɗarin kamuwarsu da ciwon daji ya kai kusan ninki biyu na sauran jama'a, kuma masu zuciya sun fi masu ƙoda shan maganin da yawa. Ga sankarar fata da ake kira Kaposi, wadda ta fi yawa a Afirka, ga ta kaluluwa. Wanda kuma ya taɓa yin cutar, in akwai ɓurɓushin da hoto bai gani ba, zai iya farkawa. Shi ya sa ake so a jira, wasu shekara biyu, wasu biyar, gwargwadon irin ƙarin da nisan da ya yi, kuma sai likitan daji ya sa baki.

Na ce, “Likita, to in zuciyar ba ta jira ba fa?”

Bai ba ni amsa ba, kuma har yau ina ganin girmansa da bai yi mini ƙarya ba.

A mota muna komawa, wajen Kiru, Yaya ta dube ni ta ce, “Auta, ki sallami dillalin nan. Fadamar nan ita ke ciyar da marayun Yaya Sani. Ba zan sayar da ita in sayo zuciyar da za ta tayar mini da abin da na sha wuya na kwantar ba.” Na fara kuka, ta ce in yi shiru mutane na kallonmu.

Na yi fushi da ita kwana uku, ban ɓoye muku ba. A ganina ta sallama ne. Daga baya na lura ba ta taɓa tsallake ƙwaya ɗaya ba, ta rage gishiri da dunƙule har yaranta na ƙorafin miya, kuma ita ke tuna mini ranar asibiti. Kumburin ya sauka, tana iya sallah a tsaye yanzu, surfe dai an bar wa 'yarta.

Shekara biyar ɗin za ta cika a 2027. Akwai kalanda a bayan ƙofar ɗakinta, duk wata in ya ƙare sai ta ja masa layi da gawayi. Fadamar kuwa bana shinkafa aka shuka.