Haƙoran Keken Ɗinkin Baba

Mahaifina telan yawo ne, irin waɗanda mutanen Abijan ke kira toklo-toklo. Daga Maraɗi ya zo. Kullum da hantsi zai saɓa keken ɗinkinsa na hannu a kafaɗa, ya ratsa lungunan Adjamé yana kaɗa almakashi don masu yagaggun tufafi su ji. Da wannan keke ya ciyar da mu.

Ina ɗan shekara goma sha huɗu na yi masa ɓarna. Ya tafi masallaci, na ɗauko wando mai kauri na cusa a ƙarƙashin allura. Keken ya cije, ni kuma na danna mariƙin da dukkan ƙarfina. Sai na ji ƙas! Kwana uku Baba bai fita aiki ba, tukunyar gidanmu ta shaida.

A rana ta huɗu muka ƙetare gadar Houphouët-Boigny, wadda aka buɗe a 1957, zuwa wurin wani tsoho mai gyaran keke a Treichville. Ya kwance mariƙin, ya nuna mini faifai biyu na ƙarfe masu haƙora, babba da ƙarami, suna cizon juna. Haƙori ɗaya na ƙaramin ya karye.

Ya ce, "Yaro, matso ka gani. A ce babban yana da haƙora 60, ƙaramin 20. In hannun babanka ya juya babban sau ɗaya, ƙaramin ya juya sau uku. Shi ya sa allura take gudu alhali hannu yana tafiya a hankali. Amma abin da ka samu na sauri, a ƙarfi ka biya shi. Wannan keke ba na kokawa ba ne."

Ya ƙara da cewa motar gbaka da ta cika maƙil a tashar Adjamé za ta Abobo akasin haka take yi. Direba yakan tashi da giya ta ɗaya, inda ƙaramin faifai ke juya babba: tafiya kaɗan, ƙarfi mai yawa. Sai ta kama hanya sannan ya canja. Kuma dole haƙoran biyu su zama girmansu ɗaya, a riƙa ɗiga musu mai, in ba haka ba su cinye juna.

A hanyar komawa ina jiran faɗa. Baba dai ya ɗora mini keken a kafaɗa, ya ce, "Ɗauka ka ji nauyinsa." Kafin mu kai ƙarshen gadar kafaɗata ta sage, shi kuwa shekara da shekaru yake yawo da shi.

Baba ya rasu, Allah Ya jiƙansa. Keken yana ɗakina, sabon faifan nan na Treichville har yau bai karye ba. Ɗana ya fara kai masa hannu, don haka jiya na kwance mariƙin, na sa shi ya ƙirga haƙoran da kansa.