Mun Haddace Jumong, Mun Manta da Bawa



Mu yaran Burkusuma a shagon cajin waya muka fara sanin Koriya. Bayan Isha'i mukan taru mu takwas ko goma a kan waya ɗaya, kowa yana leƙe ta kafaɗar wani, muna kallon Jumong. Ba ma jin yarensu, amma mun san Soseono 'yar fatake, mun san Daeso da baƙin cikinsa ga ƙaninsa. Washegari a wurin kiwo kowa ya ɗaure kara da igiya ya ce shi ne gwanin baka.

Mutanen ba su yi mana kama da baƙi ba, shi ya sa muka riƙe su. Yaro yana rusunawa idan zai gaida babba. Ba a miƙa wa dattijo abu da hannu ɗaya. Mata suna cikin hanbok, sutura har ƙasa. Wata goggonmu ta leƙa sau ɗaya ta ce, "Waɗannan ai sun san kunya."

Sai da muka girma muka gane cewa Jumong ba ƙirƙira ba ne gaba ɗaya. Shi tarihin Koriya ya ce ya kafa daular Goguryeo shekara 37 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Gidan talabijin na MBC ya ɗauko labarin a 2006, ya ƙara masa gishiri, ya yi shi kashi 81. Ƙasar da yaƙi ya daidaita daga 1950 zuwa 1953, yau ita ke ƙera Samsung da Hyundai, kuma har yanzu da haruffan da Sarki Sejong ya ƙirƙiro a 1443 take rubutu. Lokacin bikin kaka na Chuseok, mutanen Seoul sukan kwashe su tafi garuruwan iyayensu. Sun sa tsohon labarinsu a sabuwar na'ura, har ya iso bakin iyakarmu da Nijar.

Akwai wani ɓangare na fim ɗin da a da muke ƙosawa a wuce shi: inda 'yan gudun hijira ke tafe da ƙullin kaya a ka, an ci ƙasarsu, Jumong yana tattara su. Mu faɗa muke jira. Da 'yan bindiga suka addabi ƙasar Sabon Birni da Isa, har aka katse layukan waya a 2021, wasu danginmu suka tsallaka ƙasar Maraɗi, sai muka sake kallon wurin. Babu wanda ya ce a tura gaba.

A cikin waɗanda suka tsallaka akwai wani kakanmu, mai tsagar Gobirawa raɗau a kumatu. Shi ne yake ba mu labarin Alƙalawa, da yadda ta faɗi a 1808, da yadda Gobirawa suka watse kafin su sake kafa Tsibiri da Sabon Birni. Shi ya faɗa mana ranar Idin da Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami, Shehu Usmanu ya ƙi karɓar kyauta, ya nemi a saki fursunoni a kuma sassauta wa talakawa haraji. Muna jinsa da kunne ɗaya, ido yana kan waya. Allah ya yi masa rasuwa a can. Ko shafi ɗaya ba mu rubuta daga bakinsa ba.

Yanzu a tambaye mu sunan mahaifiyar Jumong, za mu amsa. A tambaye mu ta Bawa, sai kallon ƙasa.

Ba laifin Koriyawa ba ne, su nasu suka gyara. Mu da muke son zama marubuta muka bar namu a bakin tsofaffi, tsofaffin kuma suna ƙarewa, wasu a ƙasar da ba a haife su ba. Wayar da muke kallo da ita tana ɗaukar murya. Mun yi alkawari a wannan makon kowannenmu zai zauna gaban dattijo ɗaya, ya rusuna, ya tambaya, ya rubuta.

Ku fa, wa ya rage a gidanku da ba ku tambaya ba tukuna?