Garin da A ke Sassaƙa Gilashi

Ana yayyafi muka shiga Watafod, wani gari a kudancin ƙasar Ayalan, a bakin kogin Suir. Tambulan guda ne ya kai mu. Wata tsohuwar nas Baturiya ce ta bar wa gidanmu shi sa'ad da za ta koma ƙasarsu. Shekara da shekaru yana kulle a kabad, ba mai shan ruwa da shi, domin an ce mana na Watafod ne. Har 'yan'uwa sun soma gardama a kan wanda zai gaje shi.

A 1783 ne George da William Penrose suka kafa masana'antar gilashi a garin. Ta durƙushe a 1851, sai a 1947 wani mutumin Cekoslobakiya, Charles Bacik, ya sāke ta da sana'ar. An rufe babbar masana'antar a 2009, amma a 2010 aka buɗe ƙaramin gidan aiki a tsakiyar gari. Can muka ga mai hura narkakken gilashi da bututu, da mai sassaƙa zane a jikinsa bisa dutsen wāshi mai juyawa.

Daga nan muka shiga kantin wani dattijo mai sayar da tsofaffin kaya. Ya ce irin wannan gilashi da darma a cikinsa, aƙalla kashi 24 cikin ɗari, shi ya sa ya ke da nauyi. In ka ƙwanƙwasa shi da farce, sai ya daɗe yana amo kamar ƙararrawar sujada. In ka ɗaga shi a rana, sai ka ga launukan bakan gizo. Zanen sassaƙa yana da kaifi a yatsa, na zubi kuwa sumul ya ke, da ɗan layi a gefe inda mazubin ya haɗu. Sau da yawa akwai sunan Waterford a gindin, dushi-dushi. Iyaye mata, ga gargaɗinsa: kada a bar abin sha ya kwana a ciki, gama darma takan shiga.

Sa'an nan muka miƙa masa namu. Ya ƙwanƙwasa, sai muka ji ƙwas. Ya juya shi, ya nuna mana layin. "Na zubi ne," in ji shi.

Muka yi shiru, sa'an nan dariya ta ƙwace mana. Muka naɗe shi cikin zanen da muka kawo shi. Tun da muka dawo, da shi a ke ba baƙo ruwa.