Takarda Kaɗai Ba Ta Isa Ba

Shekara 20 ke nan ina koyarwa a Tampouy, kuma ɗalibaina da dama sun shiga Jami'ar Joseph Ki-Zerbo, wadda aka kafa a 1974. Abin da ke damuna, yawancinsu ba sa tunanin aiki sai takarda ta zo hannu. Daga nan sai zaman jiran jarrabawar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, inda dubbai ke kokawa kan gurabe kaɗan. Masu kamfani kuwa tambayarsu ɗaya ce: ina ka taɓa aiki?

Don Allah 'yan kasuwarmu na Zango, idan hutu ya zo ku ɗauki yaran nan su riƙe muku lissafi, ku ba su shaida a rubuce. Da sanyin safiya ake kama fara.